Yini Ɗaya a Kan Babur Inda Sabis Ba Ya Kaiwa: Abin da Waya Za Ta Iya da Wanda Ba Za Ta Iya Ba

Duk mai yawan kallon YouTube ko TikTok ya taɓa cin karo da irin wannan bidiyon: mutum ɗaya a kan babur, ya ɗaure kayansa a baya, jar hanya ta miƙe a gabansa ba gida ba bishiya, can kuma sai ga wani farin fili fat kamar an shimfiɗa likkafani har iya ganin ido. Da yawa daga cikin waɗannan bidiyoyi a tsakiyar ƙasar Ostireliya ake ɗaukarsu, farin filin kuwa tafkin gishiri ne da ya ƙafe. Suna burge matasa, har wasu a Funtua da Malumfashi sun fara haɗa ƙungiya ranar hutu su zaga ƙauyuka a kan mashin suna ɗaukar hoto.

Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne shirin da aka yi kafin a tayar da injin. Mai irin wannan tafiya ya san cewa zai yi sa'o'i babu sabis, babu gidan mai, babu wanda zai tambaya hanya. Rabin shirin nasa a cikin waya yake, kuma yawancinsa zai yi wa matashin da ke kudancin Katsina amfani, ko da wayarsa Tecno ce ko itel.

Ƙasar da ake gani a bidiyon

Ɗaya daga cikin hanyoyin da masu babura suka fi so a can ita ce Oodnadatta, hanyar burji mai tsawon sama da kilomita 600 daga garin Marree zuwa Marla a jihar Ostireliya ta Kudu. A tsakiyarta akwai wani ɗan mitsitsin gari, William Creek, wanda mazaunansa ba su kai na gidan gandu ɗaya a ƙasar Hausa ba. Garin yana kewaye da gonar kiwon shanu ta Anna Creek, mai faɗin sama da murabba'in kilomita 23,000, wato kusan girman jihar Katsina baki ɗaya. Gona ɗaya ke nan.

Hanyar tana ratsawa ta gefen tafkin Eyre, wanda mutanen Arabana, 'yan asalin wurin, suke kira Kati Thanda. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 9,500, kuma shi ne wuri mafi kwari a ƙasar, mita 15 ƙasa da bakin teku. A kan busasshen gishirinsa ne Donald Campbell ya yi gudun kilomita 648 a awa da motarsa Bluebird a shekarar 1964. Yanzu an hana shiga da abin hawa a kansa.

Matsalar nisa ta daɗe tana damun mutanen wannan yanki. A 1928 aka kafa ƙungiyar likitoci masu zuwa da jirgin sama, a 1929 kuma wani injiniya mai suna Alfred Traeger ya fito da rediyon da ake murza feda da ƙafa ya ba da wuta, domin mazauna daji su iya kiran likita. Tambayar da ya amsa a lokacin ita ce dai tambayar mai babur a yau: idan wani abu ya faru a inda babu kowa, ta yaya labari zai isa gida?

Me ya sa tafki ke zama gishiri

Ruwan sama idan ya bi ta kan duwatsu da ƙasa yakan narkar da ɗan gishiri ya tafi da shi. Idan kogi ya kai teku, gishirin ya tafi can. Idan kuwa ruwan ya taru a kwarin da ba shi da mafita, rana za ta shanye ruwan ta bar gishirin. Shekara bayan shekara sai ya yi ɓawo mai kauri. Mafi girma a duniya shi ne Uyuni na ƙasar Bolibiya, sama da murabba'in kilomita 10,000, kuma ya yi shafal har masana na amfani da shi wajen saita na'urorin awon tsawo na taurarin ɗan'adam. A ƙarƙashin irin wannan ɓawo akwai ruwa mai ɗauke da sinadarin litiyom, kuma daga filin gishirin Atacama na ƙasar Chile ake haƙo kaso mai yawa na litiyom ɗin da ake yin batirin waya da shi.

Ƙasar Hausa ta san gishirin ƙasa tun kafin zuwan na buhu. Ayarin raƙuman Abzinawa ya yi ɗaruruwan shekaru yana ratsa hamadar Tenere zuwa Fachi da Bilma ya ɗauko kantu da beza ya kawo Kano da Katsina. Akwai gishirin Foga a kwarin da ke kusa da Gaya a jihar Dosso, da mangul da kanwa daga ƙasar Manga, da ramukan gishirin Tagidda a arewacin Ingal, waɗanda idan aka duba su ta hoton tauraron ɗan'adam sai a ga ɗaruruwan ƙananan da'irori masu launi kala-kala. A Najeriya kuma akwai Keana da Awe a jihar Nasarawa.

Kudancin Katsina ba shi da tafkin gishiri, amma yana da abin da ke kama babur kamar yadda tafkin gishiri ke kamawa, wato fadama. Dukansu sama a bushe yake, ya tsage, ya yi kamar zai ɗauki tirela, ƙasa kuwa taɓo ne. A taswirar waya duk fili ne. Waya ba ta san cewa an yi ruwa shekaranjiya ba. Inda babu sawun tayar wani, sai a sauka a taka da ƙafa a caka sanda tukuna.

Zagayen yini ɗaya a kudancin Katsina

Wanda yake son gwada irin wannan tafiya ba sai ya ƙetare iyaka ba. Zagaye ɗaya mai ma'ana shi ne a tashi daga Funtua, garin auduga da layin dogon da ya tashi daga Zariya zuwa Ƙaura Namoda, a bi ta Bakori a isa Malumfashi, mazaunin Galadiman Katsina, kimanin kilomita 50. Daga nan a karkata kudu ta Ƙafur, a bi hanyar da ta nufi Hunƙuyi da Zariya a wuce Dabai a isa Ɗanja, ƙasar tumatir da rake, sannan a juyo ta Bakori a koma gida. A lissafin taswira zagayen ya kusa kilomita 150. Da kaka hanya cike take da motocin masara da dawa da waken suya, da rani kuma fadamu sun yi kore shar.

A kan kwalta sabis ba ya cika yankewa. Matsalar tana farawa ne idan aka ratse, a ce za a leƙa wani dutse, ko dam, ko ƙauyen aboki da ke kilomita goma daga titi. Mutanen yankin ma sun taɓa ɗanɗana rayuwa babu sabis gaba ɗaya. A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda matsalar tsaro, ciki har da Funtua da Bakori da Malumfashi, aka yi watanni a haka. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba a lokacin shi ne, akwai wani ɓangare na wayarsu da bai daina aiki ba ko na minti ɗaya.

GPS ba ya cin data

Mutane da yawa sun ɗauka cewa shuɗin ɗigon da ke nuna inda mutum yake a taswira daga kamfanin layi yake zuwa. Ba haka ba ne. Daga sama yake zuwa. Amurka tana da taurarin GPS kimanin 30 da ke shawagi a nisan kilomita 20,200, kowanne yana zagaya duniya sau biyu a rana. Kowane tauraro yana ɗauke da agogo mai tsananin daidaito, kuma aikinsa kawai ya riƙa shelar sunansa, da inda yake, da lokacin da ya yi shelar.

Waya saurare kawai take yi, ba ta aika komai. Tana duba tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya iso, ta ninka da gudun haske, ta samu nisan da ke tsakaninta da tauraron. Idan ta ji taurari huɗu, lissafi ya fita: uku na gano wuri, na huɗun na gyara kuskuren agogon wayar. Gyaran nan ba wasa ba ne, domin kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa yana jefa mutum mita 300 daga inda yake. Wayoyin yanzu ma ba na Amurka kaɗai suke ji ba, suna haɗawa da GLONASS na Rasha, da Galileo na Turai, da BeiDou na Sin. A fili mara rufi kuskuren yakan tsaya a kan mita biyar ko kusa da haka.

To ina amfanin data? Abu biyu. Na farko, tana taimaka wa wayar ta sauke jadawalin taurari da sauri, shi ya sa a cikin gari ɗigon ke fitowa nan take. Babu data, wayar da ta daɗe ba ta kama GPS ba za ta iya ɗaukar minti ɗaya ko 'yan mintuna, sai a tsaya a fili a yi haƙuri. Na biyu, hoton taswirar kansa, wato tituna da sunayen garuruwa, daga intanet yake zuwa. Babu shi sai a ga ɗigo a kan farin allo. Maganin wannan shi ne a sauke taswirar tun a gida.

Sauke taswira tun ana gida

A Google Maps, idan aka danna hoton mai asusu a saman allo, akwai sashen taswirar da ake ajiyewa a waya. Sai a ja akwatin ya rufe daga Funtua zuwa Malumfashi har ya taɓo Zariya da Gwarzo, a sauke. Manhajar tana da tsarin nuna hanyar babur a Najeriya tun 2019, sai dai idan babu intanet hanyar mota take lissafawa, kuma hoton tauraron ɗan'adam ba ya sauka tare da taswirar. Wurin da ake son gani ta sama, sai a ɗauki hoton allonsa a ajiye.

Yana da kyau a ƙara manhaja ta biyu, kamar OsmAnd ko Organic Maps. Waɗannan suna amfani da taswirar OpenStreetMap, wadda masu sa kai ke zanawa, kuma an gina su ne domin aiki babu intanet. Wani lokaci wata 'yar hanya tana cikin wannan ba ta cikin waccan. Suna kuma iya rubuta sawu: a kunna a bakin gida, wayar ta riƙa ajiye layin duk inda aka bi. Idan aka rikice a mararraba, sai a juya a bi layin a koma. Ana iya ajiye sawun a fayil mai suna GPX a tura wa aboki ya buɗe a tasa wayar.

Gwajin da ba a tsallakewa shi ne: bayan saukewa, a sa wayar a yanayin jirgin sama, a buɗe taswira, a nemo Ƙafur, a ce ta nuna hanya. Idan ta nuna, an shirya. Idan ba ta nuna ba, gara a gane a ɗaki da a gane a daji.

Duk da haka taswirar karkara tana da giɓi. Sunaye irin su Sabon Gari, Unguwar Makera, Tudun Wada suna maimaita kansu a kusan kowace ƙaramar hukuma. Wani layin da aka zana a matsayin hanya burtali ne, wani kuma ruwa ya cinye kwalbatinsa bara. Ɗan acaɓan da ke tashar garin ya fi kowace manhaja sanin halin hanya a wannan makon. Matambayi ba ya ɓata.

Lambobi biyu da ke faɗin inda mutum yake

"Ina kusa da wata kuka bayan gonar dawa" ba kwatance ba ne a ƙasar da ko'ina kuka ce da dawa. Idan aka danna shuɗin ɗigon ko aka dafa yatsa a kan taswira, lambobi biyu za su fito. Funtua tana wajen 11.52 da 7.31, Malumfashi kuma wajen 11.78 da 7.62. Ta farko nisan wuri ne daga tsakiyar duniya zuwa arewa, ta biyu nisansa zuwa gabas.

Akwai ƙa'idoji biyu. A kwafe lambobin duka, kada a taƙaita, domin lamba ta uku bayan ɗigo kaɗai tana nufin kusan mita 110, ta biyu kuma sama da kilomita ɗaya. Sannan kada a juya su. Wanda ya rubuta lambobin Funtua a juye, 7.31 da 11.52, ya tura masu nemansa dajin Gashaka a jihar Taraba. A wannan yanki lambar da ta fara da 11 ita ce gaba.

Batir: lissafin da ba a rubuta a kwali ba

Waya a kan hanya tana shan caji fiye da a gida saboda abubuwa uku. Allo yana kunne da cikakken haske saboda rana. GPS yana aiki ba tsayawa. Na uku, wanda aka fi mantawa, shi ne raunin sabis: duk lokacin da turken sabis ya yi nisa, wayar tana ƙara ƙarfin da take aika sigina, idan ya ɓace kuma ta shiga lalube. Shi ya sa waya ke ɗumi a aljihu a ƙauyen da babu sabis ko ba a taɓa ta ba. Yanayin jirgin sama yana kashe wannan laluben ya bar GPS yana aiki. Sai a riƙa buɗe layin a duk garin da aka tsaya.

Fawa bank kuma yana da nasa lissafin. Mai lamba 10,000 ba zai cika wayar 5,000 sau biyu ba. An auna lambar ne a kan ƙarfin batirin ciki, bolt 3.7, amma sai ya ɗaga wutar zuwa bolt 5 kafin ta bi waya, wayar kuma ta sake sauke ta, a kowane mataki wani abu yana tafiya a zafi. Abin da za a samu bai wuce ciko ɗaya da rabi ba, idan na gaske ne. Wanda aka rubuta wa 50,000 amma bai fi sabulu nauyi ba, lambar ado ce.

Ana iya sa wa babur cajar USB mai sauke bolt 12 zuwa 5. A nemi mai gyaran wutar mashin ya haɗa ta da fis, kuma ta bayan makulli, yadda idan an kashe mashin ita ma ta mutu. Idan aka haɗa ta kai tsaye da batir za ta riƙa zuƙe shi a hankali har a wayi gari sitata ba ta tashi. Daga ƙarshe, ƙaramar waya mai madannai da layin wani kamfani daban tana yin kwanaki da caji ɗaya, kuma sau da yawa inda layi ɗaya ya ɗauke wani yana nan.

Girgiza, zafi da ƙura

Ɗaure waya a kan babur yana da farashi. Kyamarorin wayoyi masu tsada suna da gilashi mai lilo a kan 'yan ƙananan maganaɗisu domin hana hoto rawa. A watan Satumba na 2021 kamfanin Apple ya yi gargaɗin cewa girgizar injin manyan babura tana lalata wannan tsari, ya ce ko a ƙananan babura a yi amfani da mariƙi mai robar shanye girgiza kuma kada a daɗe. Alamar lalacewar ita ce hoto ya riƙa kaɗawa ko kyamara ta kasa tsayar da gani. Dabara mai sauƙi: tsohuwar waya ta hau kan mashin ta yi aikin taswira, tunda GPS ba ya buƙatar layi, mai kyau kuma ta zauna a aljihu.

Zafi ma abokin gaba ne. Apple ya ce an ƙera wayoyinsa su yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, sauran kamfanoni ma ba su yi nisa da haka ba, alhali a watan Afrilu zafin wannan yanki yana taɓa 40. Waya a rana, cikin jakar leda, tana caji, allo a kunne, za ta rage haske da kanta, ta daina karɓar caji, wani lokaci ta mutu. Zafi kuma yana tsufar da batirin litiyom da wuri. A yi caji a inuwa lokacin hutu, kuma kada a bar fawa bank a ƙarƙashin kujera kusa da injin.

Da hunturu ƙura ce ke cika ramin caji har kan caja ya daina zama. A share da tsinken katako a hankali, ba allura ba. Lambar IP da ake rubuta wa wasu wayoyi tana da ma'ana: lamba ta farko ta ƙura ce, 5 na nufin tana rage shigarta, 6 na nufin ba ta shiga sam. Ta biyu ta ruwa ce, 4 yayyafi kawai, 7 da 8 nutsewa. Da ruwa mai daɗi ake yin gwajin. Ruwan gishiri ko na kanwa yana cin ƙarfe, shi ya sa masu ratsa filayen gishiri ke wanke babur da zarar sun fito.

Mai da kayan gyara

Babu manhajar da ta san cin man wani mashin sai mai shi ya auna. A cika tanki, a rubuta lambar mita, ko a bar manhajar sawu ta ƙirga idan mitar ta mutu. Bayan tafiya a sake cikawa, a raba kilomita da litar da ta shiga. Misali, idan an yi kilomita 120 aka sha lita 3, mashin yana yin 40 a lita. Zagayen kilomita 150 zai ci kusan lita 4, amma yashi da goyo da ratse suna ƙara ci, don haka a ɗora kashi ɗaya cikin uku a kai. A cika a gidan mai a Funtua ko Malumfashi maimakon dogaro da 'yan bumburutu. Fulogi, da famfo, da kayan faci, da sifana, da ruwan sha aƙalla lita biyu ga kowane mutum ba su da nauyi. Hular kwano kuwa ta fi duk na'urorin da aka lissafa a nan daraja.

Idan wani abu ya faru

Inda sabis ya rage sanda ɗaya, WhatsApp zai yi ta juyawa, kira zai yanke, amma saƙon tes yakan fita, domin ɗan ƙaramin abu ne da ke bi ta layin da waya ke gaisawa da turke. Mayar da wayar kan 2G yakan taimaka, haka nan hawa tudu ko dutse. Ga wani abu da ya shafi masu rubutu da Hausa: saƙon tes ɗaya yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar an sa harafi mai ƙugiya kamar ɗ ko ƙ ko ɓ, sai ya koma 70, dogon saƙo ya rabu gida biyu ko uku, wani ya isa wani ya maƙale. A saƙon gaggawa a rubuta da haruffa marasa ƙugiya, a fara da lambobin wuri, sannan abin da ya faru.

Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kyauta ce, kuma an tsara wayoyi su nemi kowane turke da ke kusa domin wannan kira ko ba na kamfanin layin ba ne. Ta hukumar kiyaye haɗurra kuma 122. Wayoyin Android daga na 12 zuwa sama suna da tsarin da idan aka danna maɓallin kunnawa sau biyar a jere zai kira lambar gaggawa, sai a duba saitinsa tun a gida. A kuma cike bayanan gaggawa da ke fitowa a allon kulle: suna, rukunin jini, lambar ɗan'uwa. Wanda ya tsinci mutum a sume ba zai iya buɗe wayarsa ba.

Masu yawo a dajin Ostireliya suna ɗaukar na'urar da ke aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, kamar Garmin inReach. iPhone ma daga 14 zuwa sama tana da irin wannan, amma ba a kowace ƙasa aka buɗe shi ba, kuma Najeriya ba ta cikin ƙasashen da aka fara da su. Kada wani ya dogara da shi don ya gani a talla. Madadinsa a nan ba ya cin ko sisi: a bar wa mutum ɗaya a gida jerin garuruwan da za a bi da lokacin da ake sa ran isa kowanne, a tura masa tes a duk zango, a kuma yi yarjejeniya cewa idan awa biyu ta wuce shiru ya fara bin sawu daga zangon ƙarshe.

Abin da ba a ɗorawa a intanet

A nan ne tafiyar kudancin Katsina ta sha bamban da ta bidiyon. A can abin tsoro shi ne rashin mutane. A nan kuwa akwai 'yan bindiga, su ma a kan babura suke, su ma suna da waya. Yankunan Faskari, Sabuwa, Ɗandume da Ƙanƙara sun sha fama, kuma hare-hare sun taɓa ƙauyukan Malumfashi da Bakori da Ƙafur. Dokar da Gwamna Aminu Bello Masari ya sa wa hannu a 2021 ta taƙaita zirga-zirgar babura da dare ta kuma hana sayar da mai a jarka, a 2023 kuma Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma. Irin waɗannan matakai suna canzawa, don haka a tambayi abin da ke aiki a makon tafiyar.

Ayarin babura goma da fuskoki a rufe ya shigo ƙauye ba sanarwa, zai iya tayar da hankalin mutane, kuma kuskure a irin wannan yanayi yana iya cin rai. A tafi babura biyu ko uku, a buɗe fuska a bakin gari, a riƙe katin shaida da takardun mashin, a tsaya a duk shingen jami'ai, a gaida mai unguwa. Kada a ɗauki hoton shingen tsaro, kada a tashi jirgi mara matuƙi.

Bidiyon kai tsaye da sitatus mai cewa "yanzu mun bar Ƙafur" sanarwa ce ga duk wanda ke da lambar mutum. A ɗauki hotuna a ajiye, a ɗora bayan an kwana a gida. Raba wuri kai tsaye a WhatsApp, mai zaɓin minti 15 ko awa 1 ko awa 8, na mutum ɗaya amintacce ne, ba na guruf ba. A kuma sani cewa kyamara tana iya liƙa lambobin wuri a cikin hoto, kuma idan aka tura hoton a matsayin fayil lambobin suna tafiya tare da shi. Ana kashe wannan a saitin kyamara.

Tsarin yinin

Daren jajiberi a sauke taswira a gwada ta, a cika waya biyu da fawa bank, a rubuta muhimman lambobi uku a takarda a sa a aljihu. Da safe a tashi bayan gari ya waye sosai, a kunna sawu. A yi ratsen da ya fi nisa kafin azahar, lokacin da akwai sauran rana da mutane a gona. A huta a Malumfashi ko Ƙafur, a yi salla, a ci abinci, a yi caji a inuwa, a tambayi 'yan tasha labarin gaba. Idan suka ce kada a bi, ba a bi, ko taswira ta nuna hanyar shar. Da la'asar a kasance a kan kwalta an fuskanci gida, a shiga gari kafin magariba.

Fayil ɗin sawun da aka dawo da shi yana da sauran amfani. Duk mai asusu a OpenStreetMap zai iya ɗora shi, ya zana hanyar da ba ta cikin taswira, ya gyara sunan ƙauyen da aka rubuta ba daidai ba, ya sa alamar asibiti ko gidan mai. Gyaran yakan bayyana a OsmAnd da Organic Maps a sabuntawa ta gaba, kuma direban da zai ɗauko mara lafiya daga wannan ƙauye wata rana zai same shi a wayarsa.